Dalar gyaɗar Kano ba ado ba ce, jiran jirgi take

Duk sanda aka ɗora tsohon hoton dalar gyaɗa a Facebook sai ka ga ana ta rubuta "Allah sarki lokacin arziki, fetur ya kashe mana komai". To akwai gyara a maganar nan.

Na farko dai, ba don burga ake jera buhunan nan ba. Layin dogo ya iso Kano 1911, gyaɗa ta samu hanyar zuwa Legas, manyan 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka shiga saye gadan-gadan, amma abin da manoma ke kawowa da kaka ya fi ƙarfin taragon jirgi, shi ya sa ake tara buhunan a fili wajen Ƙofar Mazugal a lulluɓe da tamfol har layi ya zo kansu, wata dalar ma sai ta kwana biyu ƙwari na ɓarna a ciki. Yawan dala yana nuna an yi noma sosai, amma yana nuna sufuri ya gaza.

Batun fetur kuma, eh ya taka rawa, gwamnati ta juya wa noma baya. Amma fa fari na 1973 ya yi wa manoma illa, cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa gonaki, ga hukumar sayen amfanin gona tana biyan manomi kuɗi kaɗan. Kamfanonin matse mai a Bompai su ma suna shanye gyaɗar tun a gida, ba sai an tara ta don Turai ba. Hukumar kanta an rushe ta 1986.