Waiwaye: Yadda Masu Ɗaukar Hoto Na Arewacin Turai Suka Sauya Kallon Da Suke Yi Wa Ƙasarsu

Siffar da duniya ta san ƙasashen Arewacin Turai da ita, wato tsaunuka da tafkuna da dazuzzukan da babu alamar ɗan Adam a cikinsu, tana da tarihi, kuma masu ɗaukar hoto na da babban hannu a kafuwarta. A 1864 Knud Knudsen ya buɗe shagonsa a birnin Bergen na Norwe, ya riƙa hawa tsaunuka da kaya masu nauyi da faifan gilashi yana ɗaukar kwaruruwa da tarin ƙanƙara, masu yawon buɗe ido suna saye. A Finlan kuwa, I. K. Inha ya zagaya ƙasar ya fitar da kundin hotunanta a tsakiyar shekarun 1890, lokacin da take ƙarƙashin sarkin Rasha. Norwe ba ta rabu da Suwedan ba sai 1905, Finlan kuma sai 1917 ta samu 'yanci, saboda haka hoton tafki ko tsauni a wancan zamani hujja ce da al'umma ke kafawa cewa tana da ƙasa tata ta kanta.

Wannan kallo ya daɗe yana tashe, har sai da ƙasar kanta ta fara ƙaryata shi. A 1967 masanin kimiyya Svante Odén ya yi gargaɗi cewa hayaƙin masana'antun Turai yana saukowa cikin ruwan sama yana lalata tafkunan Suwedan, a 1972 kuma aka yi babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya na farko kan muhalli a Stockholm. Daga baya rikicin madatsar ruwan kogin Alta ya ɓarke a arewacin Norwe tsakanin 1979 da 1981, inda 'yan ƙabilar Sami, makiyayan barewar ƙasar sanyi, suka tunatar da gwamnati cewa filin da ake kira fayau wurin kiwonsu ne tun kaka da kakanni.

A nan ne aikin Jorma Puranen, ɗan Finlan, ya zama abin tsayawa a kai. A 1884 tawagar Yarima Roland Bonaparte ta je arewa ta ɗauki hotunan mutanen Sami, ta gaba da ta gefe, don nazarin siffar jinsi, hotunan kuma suka ƙare a wani gidan tarihi a birnin Paris. A farkon shekarun 1990 Puranen ya kwafo waɗannan fuskoki a kan faranta masu kama da gilashi, ya kai su yankin da aka ɗauke su, ya kafa su cikin dusar ƙanƙara, ya rataya wasu a rassan bishiyoyi, sa'an nan ya sake ɗaukar hoton wurin gaba ɗaya. Mai kallo yana ganin tudu da sararin sama ta cikin fuskar dattijon da ya rasu tun da daɗewa. A ganina babu wani aiki a wannan fage da ya fi wannan nauyi, domin ya mayar da masu ƙasa cikin hoton da aka daɗe ana ɗauka babu su.

Puranen na cikin malamai da ɗaliban jami'ar fasaha ta Helsinki da suka yi suna tun daga shekarun 1990, waɗanda ake yi wa laƙabi da Makarantar Helsinki. Cikinsu akwai Elina Brotherus, wadda takan tsaya a gaban tafki ta juya wa kyamara baya, da Ilkka Halso, wanda ya kewaye bishiyoyi da ƙarafan gini kamar gidan da ake yi wa gyara. Ritva Kovalainen da Sanni Seppo kuma sun bi sawun masana'antar katako: kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasar Finlan daji ne, amma mafi yawansa gonar itace ce da ake sarewa a sake dasawa, kuma kututture da sawun manyan injuna su ne abin da suka nuna.

A Aisalan, Pétur Thomsen ya fara bin aikin madatsar Kárahnjúkar tun daga 2003, wadda aka gina don samar da lantarki ga masana'antar narka alminiyom ta kamfanin Alcoa, tafkinta kuma ya mamaye kusan murabba'in kilomita 57 na tsaunukan gabashin ƙasar. Ya kan cire sararin sama daga hoton kwata-kwata, ta yadda ido ba shi da wurin hutawa sai kan ƙasar da aka farke da hanyoyin da aka yanka a jikin dutse. Olafur Eliasson kuwa ya ɗauki hotunan tarin ƙanƙarar ƙasar daga sama a 1999, ya koma wuraren a 2019, ya jera su bibbiyu har guda 30, tsohon a gefen sabon.

Hotunan narkewar ƙanƙara sun fi sauran samun kasuwa, kuma akwai abin damuwa a nan, don kyansu yakan sa su zama kayan adon bango a ofisoshin da ba su da niyyar sauya komai. Ayyukan da suka fi ƙarfi a yanzu suna fitowa daga hannun 'yan Sami da kansu, irin su Marja Helander, wadda ta mai da hankali kan ma'adinai da masana'antun da ke cin filayen arewa. Rikicin ma ya sauya salo, domin barazanar tana zuwa da sunan kare muhalli: a 2021 Kotun Ƙolin Norwe ta yanke hukuncin cewa lasisin manyan injunan lantarki na iska da aka kafa a yankin Fosen ya tauye haƙƙin makiyayan Sami, amma injunan suka ci gaba da juyawa, har sai da matasa suka toshe ƙofofin ma'aikatu a Oslo a 2023 kafin aka kai ga sulhu da makiyayan.