Kalmomin Turanci bite, chew, gnaw da sauransu: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Mene ne bambancin bite da chew?

Bite cizo ne ko gatsa, chew kuma tauna. Ka gatsa sau ɗaya, ka yi ta taunawa. Shi ke nan.

Zan iya cewa "the dog bited me"?

A'a. Bite, bit, bitten. "The dog bit me", ko "I was bitten". Wannan tun aji ɗaya na sakandare aka koya mana, don Allah a daina.

Yaya ake furta gnaw?

Ba a furta g ɗin, daga n ake farawa. Ma'anarta gaigaya ko gurgura: kare da ƙashi, ɓera da ƙofar katako. Abu ne mai tauri da ake ta ci a hankali. Har damuwa suna cewa tana gnaw ɗin mutum, wato tana cin sa a rai.

Maciji ya sari ƙanena, kunama kuma ta taɓa harbina. Wace kalma zan faɗa wa likitan da ba ya jin Hausa?

Yauwa, ga tambaya mai amfani. Kada ka ɗauko sara ka mayar da ita cut, likita zai zaci adda aka sa wa yaron. A Turanci maciji bite yake yi, kunama kuwa sting. Ƙa'idar da na saba bayarwa ita ce: in da baki dabba ta yi ɓarnar, bite ne, in da ƙari ne a bayan jiki, irin na kunama da ƙudan zuma da rina, sting ne. To amma ƙa'idar ba ta cika ba. Sauro ba haƙora gare shi ba, tsira bakinsa yake yi ya zuƙi jini, amma duk da haka mosquito bite ake cewa. Tururuwa kuma ta fi rikici, domin wasu cizo suke yi, wasu harbi, wasu ma su haɗa biyun, kuma Turawan da kansu sukan cakuɗa. Sannan akwai tsiron da in ya taɓa fata ta yi zafi, shi ma sting suke ce masa, alhali ba baki ba wutsiya. Saboda haka in ka rikice kada ka tsaya laluben kalma ana cikin ciwo. Faɗi sunan dabbar, nuna wurin, faɗi lokacin da abin ya faru. Babu likitan kirki da zai tsaya gyara maka Turanci.

Nibble fa?

Ɗan gutsura kaɗan-kaɗan, irin cin zomo, ko na wanda ba ya jin yunwa.

Munch da crunch ɗaya ne?

Sun yi kusa. Crunch ƙarar ce, garas-garas ɗin karas a baki. Munch taunar ce, wadda ake yi kumatu na motsi ana jin daɗi. Chomp kuma ci ne da ƙarfi, ba kara.

Na ga masticate a ƙamus, ba ta fi chew burgewa ba?

Ba ta fi ba. Kalmar littattafan likitanci ce. Ka ce wa abokinka kana masticate ɗin cingam ka ga irin kallon da zai yi maka.