Ɗaukar hoton duwatsu, ruwa da faɗuwar rana a Jos

Ɗaukar hoton ƙasa wani reshe ne na sana'ar hoto wanda ba mutum ne abin nufinsa ba, sai dai tsauni, kogi, gona, gajimare da hasken da ke sauka a kansu. A Najeriya, Jos da kewayenta na cikin wuraren da aka fi nema domin wannan aiki, kuma dalilin yana cikin yanayin ƙasar. Birnin yana zaune a tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga saman teku, Dutsen Shere da ke gabashinsa kuma ya kai wajen mita 1,829. Bishiyoyi ba su yi yawa ba, ciyawa gajera ce, don haka ido yana tafiya nesa ba tare da wani abu ya tare shi ba. Kasancewar Hukumar Fina-finai ta Najeriya da Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa da Kwalejin Talabijin ta NTA duk a Jos ya sa garin bai taɓa rasa matasa masu rataye da kyamara ba.

Lokutan shekara

Mai ɗaukar hoto a Jos yana ƙarƙashin hukuncin iska fiye da yadda yake ƙarƙashin tsadar kyamararsa. Damina tana farawa wajen Afrilu ta kai Oktoba, ruwan da ke sauka a shekara kuwa kimanin milimita 1,400 ne, mafi yawansa a Yuli da Agusta. A waɗannan watanni biyu ƙasa tana yin kore shar, amma sau da yawa gajimare kan rufe yamma ruf, rana ta faɗi ba a gan ta ba.

Lokacin da ya fi kowane shi ne ƙarshen damina, daga tsakiyar Satumba zuwa farkon Nuwamba. Ruwan sama ya wanke ƙurar da ke cikin iska, gajimare ya tsattsage ya bar ƙofofin haske, acca ta fara ja a gonaki, rafuka kuma ba su janye ba tukuna. Jan da ake gani a sama da almuru yana faruwa ne saboda hasken rana, idan ta yi ƙasa, yana ratsa iska mai kauri. Shuɗin da ke cikinsa yana warwatsewa a hanya, ja da ruwan goro su iso. Gajimaren da ke can sama shi ke karɓar wannan haske ya mayar da shi ga ido. In babu gajimare, launin kan taƙaita a ɗan layi siriri a bakin sama.

Da hunturu ya shigo, lissafi ya sauya. Ƙurar Sahara da iskar arewa maso gabas ke kawowa daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙwayoyinta manya ne, suna warwatsa dukkan launuka kusan daidai, sai sama ta yi fari-fari. Rana kan zama kamar farin faifai, ta nutse cikin hazo tun ba ta kai ƙasa ba. Mutane da dama suna ajiye kyamara a wannan lokaci, kuma asara suke yi, domin hazo yana jera tsaunuka layi-layi, na kusa mai duhu, na bayansa mai haske, har na ƙarshe ya narke cikin sama. Babu wani lokaci da ke nuna zurfin ƙasar Filato haka. Sharaɗin kawai shi ne a kiyaye kyamara: kada a canza gilashinta a fili iska na kaɗawa, a kuma hure ƙura kafin a goge, don goge busasshiyar ƙura yana karce gilashi.

Gajeren almuru

Jos tana kusa da digiri 10 arewa da ikweta, layin da ya raba duniya biyu, saboda haka rana tana sauka kusan a miƙe. Littattafan hoto da aka rubuta a Turai suna maganar sa'a guda ta haske mai laushi kafin faɗuwar rana. A nan abin bai kai haka ba, kuma bayan ta faɗi, minti ashirin da 'yan kai ne ke tsakanin mutum da duhu. Faɗuwar kan kasance wajen ƙarfe 6:00 na yamma a Nuwamba, ta kai kusan 6:50 a Yuli. Wurin faɗuwar ma yana matsawa: a Disamba tana karkata kudu, a Yuni ta karkata arewa, don haka dutsen da rana ta faɗi a bayansa da hunturu ba shi za ta nufa da damina ba.

Wanda ya san aikin yana isa wurin tun la'asar, ya zaɓi inda zai tsaya, ya kafa mazaunin kyamara mai ƙafa uku. Launi mafi kyau kuwa sau da yawa yana zuwa ne minti goma zuwa sha biyar bayan rana ta ɓace, daidai lokacin sallar magariba. Shi ya sa Musulmi masu wannan aiki kan tafi da ruwan alwala da abin shimfiɗa, su yi salla a kan fa maimakon su yi gaggawar gangarowa cikin duhu.

A wajen saiti, ana auna haske ne da sama, ba da ƙasa ba. Idan aka bar kyamara ta bi duhun dutse, sama za ta ƙone ta zama fara, abin da ya ƙone kuma ba ya dawowa a gyara. ISO 100 (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) da buɗewar gilashi tsakanin f/8 da f/11 (lambobin da ke nuna faɗin ƙofar da haske ke shiga) sun wadatar a mafi yawan lokaci. Mai wayar hannu sai ya taɓa ɓangaren sama a fuskar wayar, ya ja hasken ƙasa kaɗan.

Ruwa

Tudun Jos mafarin koguna ne da ke rabuwa gida uku. Kogin Kaduna yana gangarawa zuwa Neja, Gongola da Mada su nufi Binuwai, Dilimi da ke ratsa cikin birnin kuwa ya bi ta Jama'are ya shiga kwarin Tafkin Chadi. A saman tudun waɗannan ruwaye ƙanana ne, rafuka ne masu gudu tsakanin duwatsu. Kyansu yana bayyana ne inda suke faɗowa daga gefen tudun. Magangarar Assop, kusa da Hawan Kibo a hanyar Abuja, ita aka fi sani, sai ta Kurra, inda kamfanin NESCO ya daɗe yana samar da lantarki da ƙarfin ruwa. Idan ana son ruwa ya fito sumul, sai a bar kyamara a buɗe rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa biyu, a kan mazauni, da safe ko a ranar da gajimare ya rufe. Idan kuma feshin ake so ya tsaya cak, kashi ɗaya cikin ɗari biyar na daƙiƙa ko abin da ya fi haka sauri. Duwatsun magangara suna da santsi, rafi kuma yana iya cika farat ɗaya da ruwan da aka yi a wani wuri. Ambaliyar da ta afka wa unguwar Rikkos a Yulin 2012 ta nuna ƙarfin irin wannan ruwa.

Akwai kuma ruwan da ba Allah ne ya haƙa raminsa ba. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka shiga haƙar kuza a Filato, suka bar ramuka birjik a Bukuru, Rayfield da Barikin Ladi, waɗanda yanzu suka zama tafkuna. Ruwansu a kwance yake, yana ɗaukar hoton sama kamar yadda take, tulin jar ƙasa da farar ƙasa a gefensu kuma yana kama hasken yamma. Suna da kyau a hoto ƙwarai. Amma gonakin mutane ne aka tona, bakinsu a tsaye yake, zurfinsu ba a ganin ƙarshensa, kuma sun ci rayuka. Hoton da ya yanke tulin ƙasar ya nuna ruwa kaɗai ya ɓoye rabin labarin wurin. Ya fi dacewa a bar shi cikin hoton, tare da lambunan kabeji da karas da manoman rani ke shayarwa daga ramin.

Duwatsu

Dutsen Riyom, wanda manyan duwatsu suka hau kan juna ba tare da sun faɗo ba, yana kudu maso yammacin Jos. Ya fi fitowa idan aka ɗauke shi baƙi wuluk a gaban sama mai launi. Shere kuwa ta fi dacewa da asuba, lokacin da raɓa da hazon safiya ke kwance a kwari. A dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, ana haɗa hoton dutse da na tsuntsu. Tsakar rana ba ta yi wa dutse adalci, musamman tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta da rana ke tsayawa a tsakar ka, inuwa ta ɓace, dutse ya fito a baje. Shingen ƙerana da ke zagaye gonakin Birom yana ba hoto abin da ido zai fara kamawa kafin ya wuce zuwa tsauni.

Izini da tsaro

Ba kowane dutse ne na kowa ba. Wasu tsaunuka da kurmi wuraren al'ada ne ga Birom, Afizere, Anaguta da Irigwe, kuma ana neman izinin mai unguwa ko dattawan gari kafin a hau. Gona ma da mai ita, sallama da "Baba, ko zan iya tsayawa nan in ɗauki dutsen can?" kan buɗe hanya. Ba a ɗaukar barikin soja na Rukuba, shingen jami'an tsaro, ko filin jirgin sama na Heipang, tashin jirgi maras matuƙi kuma yana buƙatar izinin hukuma. Tun rikicin 2001 wasu yankunan karkara, ciki har da sassan Riyom da Barikin Ladi, sun sha fama da hare-hare, don haka masu zuwa ɗaukar faɗuwar rana a can kan tafi da ɗan gari, su tambayi halin da ake ciki a ranar, su kuma ajiye mota kusa da babban titi.