Waiwaye: Yadda harbin nesa ya tashi daga shirin yaƙi ya koma gasa

Tsoro ne ya haifar da wannan wasa. A 1859 mutanen Birtaniya sun cika da fargabar cewa Napoleon na Uku na Faransa zai ƙetaro teku ya auka musu, sai malaman ofis da 'yan kasuwa suka riƙa kafa rundunonin sa-kai. Sai dai riƙe bindiga daban, iya saiti daban. Don haka a ƙarshen shekarar aka kafa ƙungiyar maharba ta ƙasa, NRA, wadda ta shirya taronta na farko a filin Wimbledon da ke gefen Landan a watan Yulin 1860. Sarauniya Victoria ce ta buɗe taron: an girke mata bindiga ƙirar Whitworth, an gama saita ta, ta ja igiya, harsashi ya sami allon da ake harbi daga nisan yadi 400. Ta kuma sa kyautar fam 250, kyautar da har gobe ake gogayya a kanta da sunan mai sarautar ƙasar.

Harbin nesa na sosai ya kankama ne a 1862 da gasar Garkuwar Elcho, inda mutum takwas-takwas daga Ingila da Sikotilan suka kara a yadi 800 da 900 da 1,000. Yadi dubu ya haura mita 900, kuma babu madubin hangen nesa a kan bindigar. Ayilan ta shiga daga baya, ta ci garkuwar a 1873, nasarar da ta sa ta aika wa Amurka takardar ƙalubale ta jarida.

Karawar da ta biyo baya a Creedmoor, kusa da New York, a watan Satumban 1874, ita ce ta fi cancanta a tsaya a kanta. 'Yan Ayilan sun zo da bindigogin Rigby, waɗanda ake ɗura wa albarushi ta baki kamar bindigar toka, amma aikinsu na ƙwararru ne. Amurkawa kuwa sababbin hannu ne a wannan nisa, sun fito da ƙirar Remington da Sharps masu ɗuri ta baya, waɗanda mutane da dama ke ganin ba za su kai labari ba. Aka tashi 934 da 931, Amurka ta yi rinjaye da maki uku kacal. Abin tausayi, ɗaya daga cikin baƙin ya yi harbi mai kyau amma a allon da ba nasa ba, aka ba shi sifili. A ganina wannan rana ta nuna cewa sabuwar ƙira ta iso, amma ba ta nuna cewa tsofaffin maharban sun gaza ba.

Daga nan aka sami kofin Palma a 1876, lokacin bikin cikar Amurka shekara ɗari, kuma har yanzu shi ne babban kofin ƙasa da ƙasa. Gidaje sun matse Wimbledon, taron NRA ya koma Bisley, kudu maso yammacin Landan, a 1890. Amurka ta mai da gasarta ta ƙasa Camp Perry da ke jihar Ohio a 1907. A 1930 Marjorie Foster ta doke maza ta ɗauki Kyautar Sarki, wato wadda Victoria ta fara sawa, a Bisley.

Abin da bai sauya ba shi ne iska. A yadi dubu harsashi yakan yi fiye da daƙiƙa ɗaya a sama, iska kaɗan ta kauce da shi daga tsakiya. Shi ya sa ake kafa tutoci a tsawon filin, kuma a gasar ƙungiya akwai mai karanta iska da ke zaune kusa da maharbi yana gyara masa saiti. Da yake dokar gasar ta taƙaita irin harsashin da ake amfani da shi, galibi mai kaurin milimita 7.62, gwaninta ce ke raba gardama, ba aljihu ba.

A shekarun 1990 wani dattijo ɗan Kanada, George Farquharson, ya nemi a bar waɗanda idonsu ya yi rauni su sa madubi su kuma dora bindiga a kan matokari. Rukunin da aka buɗe, F-Class, harafin farko na Farquharson ya ɗauka, kuma yau matasa ma sun cika shi.