Farin Gashin Yaran Tsibiran Solomon Ba Gadon Turawa Ba Ne

Wanda ya ga yaro baƙi wuluk daga Tsibiran Solomon na yankin Melaneshiya a tekun Fasifik, gashinsa kamar gemun masara, sai ya ce jinin Bature ne, ko rana da ruwan teku suka koɗar da shi. Ko ɗaya babu. Wani bincike na 2012 ya gano cewa sanadin shi ne sauyi ɗaya tak a ƙwayar halittar TYRP1 mai shafar launin gashi da fata, sauyin da Turawa ba su da shi sam. Sai yaro ya gaje shi ta uwa da uba duka kafin ya bayyana, shi ya sa iyaye masu baƙin gashi kan haifi mai farin kai. Kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na mutanen tsibiran ke da wannan farin gashi, kuma yakan yi duhu idan yaro ya girma.