O da O ba lallai su zo ɗaya ba

An daɗe ana ɗauka cewa rukunin jini bai wuce A, B, AB da O ba, sai a ƙara da fosatif ko negatif. Alhali tsare-tsaren rukunin jini sun haura 40. Ɗaya daga ciki shi ne Duffy, wanda aka gano a 1950.

Ƙwayar gadonsa, ACKR1, tana kan kuromosom na 1 (kuromosom su ne zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado), kuma ita ke ɗora alamar Fya ko Fyb a kan jajayen ƙwayoyin jini. Yawancin mutanen Afirka ta Yamma ba su da ko ɗaya, domin sun gaji wani ɗan canji ta uwa da ta uba. Rashin alamar yana toshe ƙofar da maleriya nau'in vivax ta saba bi ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, amma falciparum da ke addabarmu ba ruwanta da wannan ƙofa.

Haɗarin ya fi kan mai sikila da ake yawan ƙara wa jini. In aka sa masa jini mai Fya alhali shi ba shi da ita, jikinsa na iya ƙera garkuwar da za ta yaƙi wannan alama. A ƙari na gaba na jini mai Fya, bayan kwana 3 zuwa 14, sai zazzaɓi, shawara, fitsari ya yi duhu, jini ya sake sauka. Don haka tilas a gwada jinin mai bayarwa da na majinyaci tare a kowane karo.