Yawon sa-kai: me ake nufi da shi, kuma wa yake amfana?

Yawon sa-kai shi ne mutum ya biya kuɗi daga aljihunsa, ya hau jirgi zuwa wata ƙasa mai fama da talauci, ya yi mako ɗaya zuwa huɗu yana taimako a gidan marayu ko makaranta ko asibiti, a tsakani a zaga da shi ya ga gari, ya ɗauki hotuna, sannan ya koma gida. Faransawa suna ce masa volontourisme, wato sun gama aikin sa-kai da yawon buɗe ido cikin kalma guda. Galibin masu yin sa matasa ne daga Turai da Amurka da Ostareliya, waɗanda suka gama sakandare ko suke hutun jami'a, sai kuma tawagogin majami'u. Akwai kamfanonin da wannan ce sana'arsu. Su za su tarbe ka a filin jirgi, su ba ka masauki da abinci, su kai ka inda yara suke.

A nan Maraɗi, bakin iyakar Nijar da Najeriya, sai an yi hattara da kalmar, domin idan aka ce ƴan sa-kai a Jibiya ko Zamfara, masu ɗaukar makami su tsare ƙauye ake nufi. Ba su ne zancenmu ba. Namu ɗan sa-kan shi ne mai yin aiki don taimakon jama'a ba da albashi ba.

Kuma ba duk baƙon da ya zo taimako ne ɗan yawon sa-kai ba. Mutanen jihar Maraɗi sun san wani iri na daban tun da daɗewa. Ƴan Peace Corps na Amurka sun fara zuwa Nijar a 1962. Sai an ba su horo na wajen wata uku a Hamdallaye kusa da Yamai, sun koyi Hausa ko Zabarmanci, kafin a tura kowa ƙauyensa, inda zai yi shekara biyu cikin ɗakin ƙasa, ya sha ruwan rijiyar da kowa yake sha. Da yawansu sun koma gida da sunan Hausa da mutanen gari suka raɗa musu. An dakatar da shirin a watan Janairu na 2011, bayan sace wasu samari biyu Faransawa a Yamai. Tun daga nan, musamman bayan kisan ma'aikatan agaji a Kure a watan Agusta na 2020, baƙi masu shiga ƙauyuka suka yi ƙaranci ƙwarai. Saboda haka yawon sa-kai a yau ya fi yawa a Gana da Kenya da Tanzaniya da Yuganda da Nefal da Kambodiya. Amma sanin sa ya shafe mu, don hotunan da ake tara kuɗi da su irin na yaranmu ne, kuma matasanmu ma sun fara ganin tallarsa a wayoyinsu.

Idan ana son ganin abin da daɗewa a wuri yake haifarwa, a dubi Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya da ya zo Maraɗi a 1981 tare da mishan ta SIM. Shekarunsa na farko dashen itace ya yi ta yi, mafi yawa suna mutuwa. Sai a 1983 ya lura cewa kututturan da manoma suke sarewa kowace shekara suna da saiwa mai rai a ƙarƙashin ƙasa, in an bar musu tsiro kaɗan aka gyara sai su zama itace. Daga nan wannan dabara da ake kira sassaben zamani ta bazu, manoma suna koya wa junansu, har gawo da kalgo da sabara suka dawo gonaki masu ɗimbin yawa. Da mako biyu ya yi, da sai ya dasa itace ɗari, ya ɗauki hoto, ya tafi yana zaton ya yi aiki.

Inda abin ya fi ciwo shi ne gidajen marayu, kuma nan ne ya kamata a tsaya. Ƙungiyoyin kare yara irin su Save the Children sun nuna cewa cikin yara biyar da ke zaune a irin waɗannan gidaje a duniya, wajen huɗu suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya kai su, ko rashin kuɗin makaranta, ko naƙasa. A Kambodiya, binciken UNICEF ya gano cewa yawan gidajen marayu ya ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, lokacin da masu yawon buɗe ido suke ta kwarara ƙasar, alhali ba wani yaƙi ko annoba da ta ƙara yawan marayu. Dalilin a fili yake. Baƙo yana biya don ya ga maraya, mai gida kuwa in gadajensa ba su cika ba kuɗi ba ya shigowa. Sai a tura dillali ƙauye ya ce wa uwa, ba mu yaronki za mu sa shi makaranta mai kyau. Uwa ta bayar don tana son ɗanta. A can kuma sai a ce wa baƙi iyayensa sun rasu. A wasu wurare har da gangan ake barin yara cikin tsumma don tausayi ya ƙaru. Abin ya kai ga a 2018 Ostareliya ta zama ƙasa ta farko da ta lissafa wannan safarar yara cikin nau'o'in bautar zamani, kuma a watan Disamba na 2019 babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi kira ga ƙasashe su tallafa wa iyalai maimakon tara yara a cibiyoyi.

Kada a ce wannan labarin Asiya ne mai nisa. A watan Oktoba na 2007, a Abeshe ta ƙasar Cadi maƙwabciyarmu, an kama ƴan wata ƙungiyar Faransa mai suna Arche de Zoé suna shirin fita da yara 103 a jirgi, da sunan marayun Darfur ne. Da aka bincika, akasarinsu ƴan Cadi ne, kuma suna da iyaye.

Ko gidan na gaskiya ne, ba maƙaryaci ko ɗaya a ciki, akwai wata illar da ba a gani a hoto. Ƙaramin yaro yana bukatar mutum ɗaya tsayayye da zai shaƙu da shi. Baƙuwa ta zo ta goya shi, ta yi masa wasa, ya saba da ita, ranar Asabar ta yi kuka ta tafi. Litinin wata ta zo. A shekara hannu nawa ke nan ya ɗauke shi ya ajiye? Yaron da ya sheƙo da gudu ya rungume baƙon da bai taɓa gani ba, baƙon yana jin daɗi, yana cewa yaran nan akwai son mutane, amma masana tarbiyyar yara suna ɗaukar wannan a matsayin alamar rauni. Duk uwa a Maraɗi ta san cewa ƙiwa a wurin jariri shaida ce ta cewa ya san nasa. Ga kuma haɗarin da ba a son faɗa: wurin da kowa zai biya ya shiga ba tare da an binciki tarihinsa ba, mai mugun nufi ma zai biya.

Batun jinya ya fi wannan tsanani. A Jinja ta Yuganda, wata Ba'amurkiya da ta fara zuwa aikin sa-kai tana budurwa ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa, ba ta da karatun likita ko na jinya. Yara 105 suka rasu a wurin tsakanin 2010 da 2015, hukuma ta rufe cibiyar, daga baya wasu iyaye mata biyu suka kai ƙara. Gaskiya ne yaran sun zo a jigace, amma abin da ba za a bari mutum ya yi wa yaro a ƙasarsa ba, ba dalilin da zai sa ya halatta a kan namu. Mu da muka ga yunwar 2005 mun san bambanci. A shekarar nan ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi. Baƙin da suka zo likitoci ne da ƙwararru, ma'aikatan da suka fi yawa kuwa ƴan ƙasa ne. Abin da ya sa aikin ya yi nisa shi ne an amince wa uwa: a auna yaro, in ba shi da wata cuta mai tsanani a ba ta abincin gyaɗa na cikin leda, ta koma gida ta ba shi da hannunta, ta dawo bayan mako. Yaron bai rabu da uwarsa ba.

Sai lissafin kuɗi. Tafiyar mako biyu, in an haɗa da kuɗin jirgi, cikin sauƙi takan wuce dalar Amurka dubu biyu, wato sama da miliyan ɗaya na sefa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne, wato sefa dubu 42, a wata. Ke nan abin da baƙo ya kashe don ya shafa wa aji fenti zai biya ma'aikaci shekara biyu, ga kuma mai fenti da magini a unguwa suna zaman jiran aiki.

Ba ina cewa matasan nan mugaye ne ba. Yawancinsu tausayi ne na gaske ya taso su, wasu kuma tafiyar ce take buɗe musu ido har su koma su yi karatun likita ko su riƙa aiko da taimako shekara da shekaru. Amma kyakkyawar niyya ba ta sauya abin da ya sami yaron. Wanda yake da sana'ar da ake nema, likitan fiɗa misali, irin masu zuwa cibiyar yoyon fitsari ta Danja su yi aiki tare da ma'aikatan wurin, ko mako biyu ya yi ya amfanar, domin masu wurin ne suka kira shi, kuma su za su ci gaba bayan ya tafi. Wanda ba shi da sana'a kuwa, gara ya zo a matsayin baƙo mai ziyara, ya ci abincinmu, ya sayi kayan masu sana'ar hannu, ya bar yara a hannun masu su. In zai ɗauki hoton yaro mara lafiya, ya tambayi uwar, ya kuma faɗa mata inda hoton zai je.

Mu ma muna da namu gyaran. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce shi da mai ɗaukar nauyin maraya kamar haka suke a Aljanna, ya nuna yatsunsa biyu. Al'adarmu ta riƙo ta sa maraya yakan tashi gidan baffa ko gwaggo ko kaka, kuma wannan ne abin da masana suke ta kira a koma gare shi yanzu. Sai dai riƙo ma yana lalacewa idan ɗan riƙo ya zama shi ne mai talla da ɗebo ruwa, ƴaƴan gida suna makaranta. Mai hali da yake son lada, maimakon gina katafaren gida da allo a ƙofa, ya nemi gwaggon da take riƙe da marayu uku ya ɗauke mata hatsi da kuɗin magani.

Aikin sa-kai kuma ba baƙo ba ne a ƙasar da ta san gayya. Matan da suke zagawa gida-gida da damina suna ba yara maganin rigakafin zazzaɓin sauro, da iyayen da aka koya wa auna damtsen yaro da ɗan zaren nan mai ja da rawaya da kore, su ne ƙashin bayan lafiyar yara a Madarumfa da Tasawa da Dakwaro. Tsarin asusun Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara da matan jihar nan a 1991, yau ana kwaikwayonsa a ƙasashe da dama. A 2019, da mutane sama da 40,000 suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suna gudun ƴan bindiga, ƙauyukan Gidan Rumji ne suka fara buɗe musu ɗakuna da rumbuna kafin motocin agaji su iso.

Saura matasanmu masu son fita waje su yi irin wannan aiki. Hanyoyi na gaskiya suna nan: shirin ƴan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNV, wanda aka kafa a 1970, da na matasan Tarayyar Afirka mai tura mutum wata ƙasar Afirka na shekara guda. Dukansu takardun karatu da ƙwarewa suke dubawa, su ne kuma suke ba ka kuɗin zama. Ba sa karɓar ko dala daga mai nema. Saƙon da ya shigo ta WhatsApp ko Facebook yana cewa an zaɓe ka aikin marayu a Kanada, ka turo jika ɗari na buɗe dosiye, damfara ce, kada a tura masa kuɗi ko hoton fasfo.